Bargon gashin agwagwa da na mayar jakar barci: abinda na gani bayan wata 14

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun bara nake son yin wannan rubutun amma na ce bari dai sai na kwana a cikin abin sosai tukuna, don ni bana son yabon kaya ranar da aka sayo shi. Yanzu wata 14 kenan, kuma na ƙirga dare 31 da na yi a cikinsa, yawanci a tanti, wasu a jirgin ƙasa na dare, sau biyu a kan bencin filin jirgi ina jiran jirgin asuba, sai kuma wani masaukin matafiya da bargonsu bai kwanta min a rai ba na zaro nawa. To ga abinda na gani.

Shi kayan bargo ne irin marar nauyin nan da ake cusa wa gashin agwagwa, ba fuka-fukai ba fa, laushin gashin nan na ƙirji wanda bashi da tsinke a tsakiya, wanda in ka ɗora a tafin hannu ka ɗan yi numfashi sai ya tashi sama. Asali ba don kwanan waje aka yi shi ba, na lulluɓa ne a kan kujera. Tsawonsa santimita 178, faɗinsa 152, da na ɗora a sikeli giram 450 ne da 'yar ɗoriya. Yadin nailan ne siriri mai santsi, an ɗinke shi gida-gida, kowane gida kamar santimita 13 ta kowane ɓangare, kuma ya zo da 'yar jakarsa wadda in ka cusa shi ciki bai fi gorar ruwa babba ba. Ba zan kama sunan kamfani ba saboda irinsa sun yi yawa a kasuwa kuma kusan duk ɗinkinsu ɗaya ne, abinda zan faɗa ya shafi kowannensu.

A jikin takardarsa an rubuta lamba 700. Mutane da yawa suna ɗauka wannan lambar ce ke nuna ɗumi, alhali ba haka bane, lambar tana nuna yadda gashin ke kumbura ne, wato oza ɗaya na gashin, giram 28 kenan, in aka barshi ya sake zai cika wurin da ya kai kusan lita 11 da rabi. Ɗumin kuwa daga iskar da ta maƙale a tsakanin gashin yake zuwa, jikinka ya ɗumama ta ita kuma ta kasa fita. Don haka sai an haɗa abu biyu, kyan gashin da kuma yawansa. Wannan bargon gashinsa mai kyau ne amma kaɗan aka zuba, in ka ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa zaka ga wasu gidajen rabinsu fayau. Ka riƙe wannan a ranka don duk abinda zan yaba da wanda zan kushe daga nan ya samo asali.

Daren farko a tanti haka na rufa da shi yadda yake ban taɓa komai ba, kuma daren ne ya sa na yanke shawarar ɗinka shi. Nailan ɗin bargon a kan nailan ɗin shimfiɗa santsi ne kawai, da na juya sai bargon ya zame gefe, in na jawo shi sama ƙafa ta fito, in na rufe ƙafa kafaɗa ta buɗe, haka na kwana ina kokawa da shi har gari ya waye. Ɗumi akwai, wurin zaman ne babu.

Ƙanwata ce ta yi min ɗinkin, tela ce ta daɗe a kan keke. Tana taɓa yadin ta ce "Yaya wannan fa ba irin wanda na saba bane, in allura ta huda shi ramin baya rufewa, sai dai ka bani jakarsa in fara gwadawa a kai." Kuma gaskiyarta, wannan shawarar ita ce ta farko da zan bawa kowa, a fara gwaji a kan 'yar jakar tunda yadinsu ɗaya. Allura siririya ta saka, lamba 70, da zaren foliyesta, ta daidaita tsawon ɗinkin wajen milimita 2 da rabi, saboda in ɗinkin ya yi ƙanana da yawa kamar ka jera wa yadin ramukan yagewa ne. Da farko keken ya riƙa cinye yadin yana tura shi ƙasa yana tattare shi, sai ta shimfiɗa 'yar takarda siririya a ƙarƙashi ta ɗinka tare, bayan ta gama ta yage takardar, ɗinki ya fito sumul. Fil kuwa ko ɗaya bata soka ba, da maƙalan shanya muka riƙe bakin yadin, don duk ramin da ka yi ƙofa ce ka buɗe wa gashi.

Babban aikin a wajen ƙafa yake. Ta ɗinka ƙubaka a bakin ƙasa da wani ƙyallen nailan daban, muka zura mazagi na igiyar roba mai miƙewa da ɗan makullin nan da ake dannawa ya riƙe igiya. In ka ja sai ƙasan ya tsuke kamar bakin jaka. Daga nan muka jera maɓallan roba masu dannawa a gefe da gefe, daga ƙasa zuwa sama kamar santimita 60, yadda in ka ɓalla su daga tafin ƙafa zuwa bayan gwiwa ya zama rufaffe, sauran kuma a buɗe ta baya. Wani zai ce to ai bayanka a waje yake. E a waje yake, kuma da gangan ne, domin gashin da ka danne da nauyin jikinka ya riga ya rasa iskar cikinsa, baya ɗumama komai, ko a jakar barci mai tsada haka abin yake. Abinda ke kare bayanka daga sanyin ƙasa shimfiɗar da kake kai ce.

Na san da yawa zif suke sakawa zagaye ya zama jaka sosai, na ga wanda aka yi haka kuma ya yi kyau a ido, amma ni ban bada shawara ba. Zif mai tsawon nan nauyi yake ƙarawa, sannan yadin siriri ne ƙwarai, cikin duhu kana ja sai ya cafke yadin, in ka matsa masa ya yaga, kuma faɗin 152 in ka naɗe shi biyu ka rufe zaka ji kamar an ɗaure ka musamman in kana da faɗin kafaɗa ko kuma a gefe kake kwana kana lanƙwasa gwiwa. Da maɓalli kuwa cikin minti ɗaya ka ɓalle su ka saki mazagin ya koma bargonsa, a jirgin ƙasa haka nake amfani da shi a zaune, in rufe cinya da ƙirji.

Kuskuren da muka yi a nan shine mun kafa maɓallan kai tsaye a jikin nailan. Dare na uku na miƙe ƙafa cikin barci sai na ji ƙas, da safe na ga maɓalli ɗaya ya fita da ɗan yankin yadi, gashi na ta leƙowa. Da na dawo ta cire su duka, ta yanka kintinkiri mai kauri guntu-guntu ta naɗe kowanne biyu ta ɗinka a bakin bargon inda kalmasa take, sannan aka kafa maɓallan a jikin kintinkirin. Tun daga ranar ko ɗaya bai sake motsi ba. In zaka yi naka ka fara da haka kar ka jira sai ya yage.

Akwai kuma ramin da ke saura a tsakiya in ka ja mazagin, duk yadda ka tsuke sai ya bar ɗan wuri kamar bakin kofi, kuma iska ta nan take shigowa ta sami yatsun ƙafa daidai. Safa ɗaya nake dunƙulewa in toshe kafin in ƙarasa ja, shikenan.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce ta fi bani wahala kuma ban taɓa tunaninta ba kafin mu fara. Tsawona santimita 175 ne, bargo 178, a lissafi ya isa ko? To tsukewar ƙasan nan tana cinye fiye da santimita 10, sannan mutum in ya kwanta a rigingine yatsun ƙafarsa sama suke kallo suna ɗaga bargon, nan ma an ci wani abu. Da na shiga sai ya tsaya min a ƙirji, kafaɗa da wuya duk a waje. Muka zauna muna kallonsa, sai ita ta lura cewa faɗin ya fi ƙarfin abinda ake buƙata, ta ce a yanke layi ɗaya na gidajen daga gefe a mayar da shi ƙasa. Yankan nan sai an yi hankali. Ta fara kora gashin gefe da yatsa, ta yi sabon ɗinki kamar santimita 1 daga tsohon layin, sannan ta bi tsakanin layukan biyu da almakashi yadda kowane ɓangare a rufe yake, ni kuma na bi bakin da wutar kyandir sama-sama don kar ya zare. Duk da haka gida ɗaya ya buɗe mana, kuma wallahi gashin gida ɗaya tak sai da ya cika ɗakin, ya manne a gashin ido, a labule, a jikin keken, muka kashe fanka muka rufe taga muka riƙa tsince shi da jiƙaƙƙun yatsu muna tarawa a leda, bamu zubar da ko kaɗan ba muka mayar ciki. Yanzu tsawon ya kai wajen 190, faɗi ya dawo kusan 139, kuma in na ja shi yana rufe min har haɓa. Wanda ya haura 180 a tsawo gaskiya bargo ɗaya ba zai ishe shi ba ko da wannan dabarar, sai dai ya nemi dogo tun farko.

A sama ma mun saka ƙubaka da mazagi da maɓalli ɗaya da ke haɗuwa a bayan wuya. Sannan igiyar roba biyu masu zagaye katifar iska ta ƙasa suna kama gefen bargon, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙirji. Waɗannan igiyoyin kamar ba komai ba amma sune suka kashe matsalar zamewa gaba ɗaya, ina juyawa a ciki shi kuma yana nan inda yake. Duk ƙarin da muka yi bai kai giram 60 ba, yanzu gaba ɗayansa giram 510 ne.

To ɗumi fa, wanda shine abinda kowa ke tambaya. Ina tafiya da ɗan ma'aunin zafi ina rataye shi a cikin tanti don haka ba ƙiyasi nake ba. Daga digiri 15 zuwa sama daɗi ne zalla, har nakan saki ƙasan in fito da ƙafa. A digiri 10 zuwa 12 lafiya lau in na saka doguwar riga da wando da safa da hula. Dare ɗaya ya sauka zuwa digiri 6, kuma wannan daren ban yi barcin kirki ba, abin mamakin ba ko'ina nake jin sanyin ba, layi-layi nake jinsa a cinya da ƙirji kamar an ɗora min raga mai sanyi. Dalilin shine irin ɗinkin, an haɗe yadin sama da na ƙasa ne da zare kai tsaye, don haka a kan kowane layi kaurin bargon yadi biyu ne kawai babu gashi ko ɗaya. Jakunkunan barci na gaske da ake yi don sanyi bango ake ɗinka musu a tsakanin yadin biyu yadda gashi zai tsaya da kaurinsa ko'ina. Kuma su ana gwada su da ƙa'ida, da EN 13537 ce yanzu ISO 23537, inda ake saka mutum-mutumi mai ɗumi a ciki a ɗakin sanyi a fitar da lambobin da zaka gani a jikinsu. Wannan bargon bai bi ta wannan gwajin ba, don haka duk wanda ya ce maka zai kai ka digiri kaza jikinsa yake faɗa maka, har ni ɗin nan, kuma ni mai jin sanyi ne matsakaici. In kai mai saurin jin sanyi ne ka ƙara digiri 3 ko 4 a kan nawa.

Bayan wancan daren ne na yi aikin da ya fi cin lokaci, farke ɗinki. Dabarar ita ce in ka warware wasu layukan, gidajen su haɗe su zama dogaye, layukan sanyi sun ragu kuma gashin ya sami filin kumbura. Na zauna da 'yar ƙugiyar farke ɗinki dare huɗu ina bi zare-zare, ban yarda da reza ba don kuskure ɗaya ya isa. Tambayar ita ce wanne zaka cire, na tsaye ko na kwance. Ni na kwance na cire, na bar dogayen hanyoyi daga kai zuwa ƙafa, saboda in hanyoyin suka gitta jikinka gashin gangarowa yake gefe da gefe cikin dare ya bar saman ƙirjinka fanko, wurin da ka fi buƙata. Kuma ban cire duka ba, ina cire biyu in bar ɗaya, don kar gashin ya taru gaba ɗaya a ƙafa. Kumburin ya ƙaru a ido ma ana gani, a digiri 9 na kwana daga baya ban farka ba. Illarsa ramukan tsohon ɗinki suna nan, makon farko gashi ya riƙa fita ta nan, na riƙa murza wurin da farce a hankali zaren yadin ya koma ya matse, yanzu ya ragu sosai. Kuma kullum kafin in kwanta sai na girgiza shi na rarraba gashin da tafin hannu. Shin ya cancanci dare huɗu? A wajena e, amma wanda tafiyarsa ta wuraren ɗumi ce ya barshi yadda yake.

In ka ga gashi ya leƙo kar ka zare shi, yana fita zai faɗaɗa ramin ya jawo na bayansa. Ka kama shi ta ɗaya gefen yadin ka ja shi ya koma ciki.

Shimfiɗa kuma kar a raina ta. Na taɓa gwada shi a kan tabarmar soso siririya a digiri 12, sama ɗumi ƙasa kamar ƙanƙara, na ɗauka laifin bargon ne. Katifun tafiya suna da lambar R da ke nuna yadda suke tare sanyin ƙasa, tawa ta yanzu 3 ce da ɗan wani abu, kuma da ita ne duk lambobin da na bayar a sama suka fito.

Ruwa shine babban maƙiyinsa. Gashin agwagwa in ya jiƙe dunƙulewa yake ya zama kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ɗumi ya tafi, kuma baya bushewa da wuri. Ba sai ruwan sama ba ma, raɓar da ke taruwa a jikin tanti in ƙafarka na gogar bango ta isa ta jiƙa ƙasan, haka numfashinka in ka cusa fuska ciki. Hanci da baki a waje, kai kuma a saka hula. A cikin jakar goyo kullum a leda mai kauri yake, kuma da safe in akwai rana nakan baza shi minti 20 kafin in naɗe. In ya ɗan yi laima yana da wani ƙarni-ƙarni na tsuntsu, ba mai yawa ba amma mai ƙyanƙyami zai ji, yana bushewa yake ɓacewa.

Sau biyu na wanke shi. Ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun ruwa na musamman na wankin gashi, banda garin sabulu mai ƙarfi da turaren laushin kaya don suna cire man da ke jikin gashin, kuma ba'a murɗa shi, dannawa ake a hankali. Da ya fito zaka tsorata, kamar tsumma da 'yan ƙulle-ƙulle a ciki, kar ka damu. A injin busarwa da wuta ƙasa-ƙasa da ƙwallon tanis biyu ko uku suna dukansa suna fasa dunƙulen. Karo na biyu babu inji, a inuwa mai iska na shanya ina zuwa ina warware dunƙulen da yatsu, kwana biyu ya ɗauka amma ya dawo daidai. Lallai ya bushe har ciki kafin a ajiye in ba haka ba zai yi fumfuna. A gida kuma bana barinsa a matse cikin 'yar jakarsa, a cikin rigar matashi babba yake zaune a sake, matsewar watanni tana kashe kumburin.

In maki ne ina bashi 4 cikin 5 a matsayin abin tafiya, ɗayan da na cire na gajartarsa ne da layukan sanyin nan. Ga mai yawo da jakar goyo ɗaya, mai kwanan tasha da jirgi da masauki, ko zango a lokacin da dare baya sauka ƙasa da digiri 10, ban ga abinda zai baka wannan ɗumin a rabin kilo kuma ya zama bargo da rana jaka da dare ba. Ga mai hawa tsauni mai ƙanƙara ko wurin da ruwa baya ɗaukewa, don Allah kar ka dogara da shi, sanyi irin wannan ba abin gwaji bane, ka nemi jakar da aka gwada aka rubuta mata lamba, shi kuma wannan ka ɗora shi a kai ya ƙara maka.

Abu ɗaya ya rage da nake son gyarawa kafin tafiya ta gaba, wajen wuya. In na juya gefe har yanzu akwai 'yar iska da ke silalowa ta bayan kafaɗa duk da mazagin. Guntun da ya ragu daga layin da muka yanke yana nan na adana shi da gashinsa, gida uku ne, na kai wa ƙanwata ta duba ta ce zata naɗe shi kamar ɗan matashi dogo ta ɗinka a bakin sama ta ciki ya kwanta a kan wuya ya toshe wurin.